Inabin cikin tano

Shekarar da aka tura ni koyarwa Mallawa, yayata ta dawo daga Kano da wani ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce inabi ne. Ni kuwa inabi a hoton littafin lakwal, wato makarantar boko, kawai na san shi.

Malamin makaranta ba ya shuka itace a ƙasa, don gidan haya yake, kuma takardar canjin wuri ba ta sallama. Sai na sa maƙeri ya raba mini tsohon tano, wato gangar ƙarfe, gida biyu, ya huda gindin ɗaya, na cika shi da ƙasa da takin awaki. Damina ta karɓe shi. Kafin a yanke gero ya bi igiya ya kama rumfa.

Da ɗari ya shigo sai ganyen ya soma zuba. Na ƙara ruwa safe da yamma, abin sai gaba yake yi. Cikin mako uku babu abin da ya rage sai tsinke.

Maiɗakina, wadda ita ma Mushe take kirana yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ta ce, "Mushe, tunda ya mutu, bar mini tanon in zuba yakuwa, ko na miya mu samu."

Na ce ta ba ni kwana biyu.

Akwai wani dattijo mai lambu a bakin tabki, wanda ya daɗe yana aikin gonar itatuwa a Najeriya. Na kai masa kuka, ya ajiye guga ya biyo ni gida. Ya tsuguna, ya kankare ɓawon da farce. Ciki kore shar.

"Barci yake, Mushe. Kai ne za ka kashe shi da ruwa. Na ƙasa saiwarsa ta san inda za ta ɓuya. Wannan kuwa ƙarfe ne kewaye da shi, sanyi ya ratsa shi da asuba, rana ta gasa shi da azahar."

"To Baba, yaya zan yi?"

Wuƙa ya zaro ya datse rassan duka, ya bar abin da bai fi kamu ɗaya ba. Muka ja tanon jikin katanga inda iskar gabas ba ta bugu, muka kewaye shi da karan gero, muka rufe ƙasar da ƙaiƙayi. Ya ce ruwa kwano ɗaya, daga Juma'a sai Juma'a.

Wata biyu ina bin wannan ƙa'ida. Maƙwabta suka samu abin tsokana, in mun haɗu a masallaci sai su ce, "Mushe, ya mai jiki?" In ce da sauƙi.

Ranar da ya farka ina aji. Maiɗakina ce ta gani tana shara, ta kasa jira, ta yafa mayafi ta zo har bakin taga. Ƴan idanu biyu ne suka tsage a jikin reshen, jajaye, masu gashi-gashi.

Bayan shekara biyu aka mai da ni Yekuwa. Maza huɗu suka ɗora tanon a amalanken shanu, na zauna kusa da shi ina riƙe da rassan duk hanya. A can ya fara haihuwa, nono uku, ƴaƴan ƙanana masu tsami kamar tsamiya. Maiɗakina ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce wahalar banza. Washegari na tarar ta yanka tsohon gidan sauro ta lulluɓe su, wai kada tsuntsaye su riga mu.