Ganyen da na sauya wa Yaya Dakta

"Baba, masarar nan sai an sare ta duka, cutar yaɗuwa take."

Na san ni na jawo wannan.

Yayana ne mai maganar, Dakta mai binciken ƙwayoyin halitta. Kwanaki ya tsinki ganye a gonakin Ƙarfi, ya aika wa abokan aikinsa a ƙasar waje. Ni kuwa don tsokana na cusa wani ganye mai launin rawaya a ledar da ya rubuta wa sunan Baba.

Baba har ya ɗauko adda.

Na ce, "Yaya, ni fa na sauya ganyen."

"Daga gonar wa?"

"Ta Alhaji maƙwabcinmu."

Baba ya ajiye addar. "To, kai za ka gaya masa."

Ga ni a ƙofar gidan Alhaji. Jama'a, ta ina zan fara?