Huji Uku a Hannun Dama

Ban taɓa mantawa da ranar gasar harbi ta shekarata ta uku a mahzan ba, kuma ba na so in manta. Ku da kuka zo bayana kun tarar da wata tsohuwar ƙofar katako jingine a bayan buhunan iri, kuma babu wanda bai sha zagina ba a cikinku ranar da ya nemi fasa ta a dafa shayi. Tunda na kusa miƙa makullai, bari in faɗa muku dalili.

Don wanda bai san aikinmu ba: mashru'u babbar gona ce ta dawa da riɗi, tamu tana kusa da Ƙala'at an-Nahal. Mai gonar yana Gadarif, wakilinsa ne ke zaune da mu. Ƙarƙashin wakili akwai direbobin tarakta, da mai riƙon mahzan, ɗakin ajiyar kayan gonar, wato ni, sai gafirai masu gadin amfani daga gyado da birai da tsuntsu. Gafirai suna aiki da bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki. A auna albarushi a zuba, a tura tsumma, a saka dalma, a danna da sandar ƙarfe, sannan a ɗora kabsula mai tayar da wuta a ɗaga kunama. Harbi ɗaya, sai a sake daga farko. Duk bindigogin a hannuna suke, ni ke bayarwa, ni ke karɓa.

Idan an gama yankan riɗi ana sallamar gafirai, mutum ɗaya ake bari ya zauna shekara, da ɗakinsa da abincinsa, shi ne shugabansu idan damina ta dawo. Al'adar gonarmu, da harbi ake zaɓensa. A kafa ƙofa a taku arba'in, a zana baƙin da'ira kamar faifai a tsakiya, kowa harbi uku. Ba mai zuwa wurin ƙofar sai mutum ya gama ukunsa.

Tun kafin in zo, Baba Usmanu ke cin gasar. Tsoho ne siriri, marar magana, abokin mahaifina tun suna kiwo. Shi ya kai ni wurin wakili ya ce a ba ni shara lokacin da mijina ya rasu. Bindigarsa kuwa abin dariya ce. An ɗaure ƙotarta da waya, bakinta ya ɗan karkace, shi da kansa yake kiranta Gurguwa.

Ni kuma a lokacin kaina ya kumbura. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi karatu, daga tsintsiya na koma riƙon makullai. A waccan shekarar aka tura ni Gadarif kwas na mako guda kan ajiyar makami. Malaminmu ya koya mana yadda ake zaɓen bindiga: a ɗaga ta sama a leƙa cikin bututun, idan hasken bai zo a miƙe ba, ba ta da amfani. Ya ba mu ɗan littafi. Na dawo da littafin nan a ƙirjina, ina jin duk wanda bai karanta shi ba jahili ne, har da waɗanda suka yi shekara talatin suna shaƙar hayaƙin albarushi.

Saura mako biyu gasa, wakili Ustaz Hamid ya tsaya a ƙofar mahzan.

"Hajja Hawwa, tsohon naki idonsa ya tafi. Bana in ya faɗi, halas, shi ke nan, ba zan roƙa masa ba."

"Idonsa ya fi naka, ya Ustaz. Kai da tabarau ma ba ka gane tarakta daga jaki."

Ya yi dariya ya wuce. Amma maganar ta zauna mini. Na ce a raina, ba ido ne zai kayar da Baba ba, wannan tarkacen ne. An kawo mana sababbin bindigogi huɗu. Na leƙa su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mini, na ware wadda ta fi miƙewa, na ɓoye masa ita. Na leƙa Gurguwa, hasken ya zo a karkace. Na soke ta daga jerin kayan aiki, na ba wa maƙerinmu na ce ya yanka ta ya yi mana sakata. Ban tambayi kowa ba. Na san in na tambayi Baba zai ƙi, ni kuma na riga na yanke cewa na fi shi sanin abin da zai amfane shi.

Da safiyar gasa ya zo karɓar bindiga. Na miƙa masa sabuwar ina washe baki.

Ya juya ta, ya shafa, ya miƙo mini. "Kyakkyawa ce, ɗiyata. Ba ni Gurguwa."

"Gurguwa ta yi ritaya, Baba. Wannan ta fi duk na gonar nan miƙewa, da idona na duba."

"Na yarda. Ba ni tawa."

"Tsufa ne ko taurin kai? Ana ba ka amarya kana neman kaka. Karɓi ka tafi, mutane na jira."

Bai tambaye ni inda take ba. Ya ce, "To, madalla," ya saɓa ta a kafaɗa.

Gafirai shida suka yi harbi. Aikina shi ne in je in zagaye kowane huji da alli in rubuta harafin sunan mai shi, tunda ni ce mai karatu. Yakubu, wani ƙaƙƙarfan magidanci da ya yi aiki a Fashaga kafin ya zo mana, ya sa biyu a cikin baƙi, ɗaya ya tafi daji. Baba ne na ƙarshe. Ya ɗura a natse kamar kullum, ya harba, hayaƙi ya rufe shi. Ya sake, ya sake.

Na tafi da allina ina taƙama. Na duba cikin baƙi, babu sabon huji ko ɗaya. Sai na gan su a hannun dama, kamu guda daga da'irar, su uku a haɗe. Na ɗora tafin hannuna, ya rufe su duka. Duk ranar babu wanda ya tara harbinsa wuri ɗaya haka.

A nan na gane abin da na yi. Gurguwa hagu take jefawa. Shekara da shekaru Baba yana auna dama da kamu guda don dalma ta faɗa tsakiya. Na ba shi bindiga mai gaskiya, ita kuma ta kai dalmar daidai inda ya nuna.

Na jawo Ustaz Hamid da hannun riga har gaban ƙofar. Na nuna masa, na faɗi komai a gaban mutane. Kada ku ce mugu ne, ya yi adalci. Ya tambayi Yakubu, Yakubu ya ce, "Wallahi a sake, ba na son cin da ba nawa ba." Wakili ya juyo ya ce, "Ɗauko masa tasa ya sake uku."

Na yi tsaye. Maƙeri ne ya amsa daga baya, a hankali, cewa sakatar da ke ƙofar mahzan tun shekaranjiya ita ce Gurguwa.

Wakili ya ce to ya sake da sabuwar, tunda yanzu ya san halinta. Baba ya girgiza kai.

"Tun da safe na san halinta, ya Ustaz. Na faɗa wa idona ya ji. Kafaɗar ce ba ta ji ba, kuma ba za ta koya a yini ɗaya ba. Ku ba Yakubu."

Bayan kwana huɗu ya hau lori zuwa Gallabat wurin 'yarsa. Na bi shi har bakin hanya, na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, ɗiyata, don ni kika yi. Amma da kin tambaye ni." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bai sake dawowa gonar nan ba, damina biyu bayan haka labarin rasuwarsa ya iske mu.

Littafin bai yi ƙarya ba, har gobe da shi nake zaɓen sabuwar bindiga, kuma ba na nadamar karatuna. Amma littafin bindiga kawai ya sani, bai san wanda ya tsufa da ita a kafaɗa ba. Shi ya sa kuke ganin duk wanda ya zo karɓar kayan aiki, ko lauje ne, sai na tambaye shi wanne hannunsa ya saba da shi, ko da ina ganin wanda ya fi shi kyau a rataye. Kuna cewa Hajja tana ɓata lokaci. Ku ci gaba da cewa.

Wanda zai karɓi makullan nan, ƙofar tana bayan buhunan iri, sakatar kuma kullum da safe zai taɓa ta. Ya je ya ɗora hannunsa a kan hujin nan uku kafin ya soke kayan kowa.