Hular da ke bakin ƙahon Kaka

Jiya a unguwar 'yan kasuwa ta Sanyuanli, cikin shagon wani mai sayar da gyale, na ji busar kakana tana fitowa daga wata 'yar sifika. Mai shagon bai san ko ta wane ce ba. Ya ce dai tana sa masu saye su daɗe.

Ina da shekara goma sha ɗaya Kaka ya zo zama da mu a nan ƙasar waje. Babana kaya yake turawa Kano ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ɗakunanmu biyu ne a hawa na tara, bangon kuwa ko tari ka yi sai maƙwabci ya ji. Kaka ya tsufa yana busa kiɗan jaz da ƙahon Turawa. Wani otal ne ya ɗauko shi, otal ɗin ne kuma ke sabunta masa takardar zama.

Ranar da ya fara gwada ƙahon a gida, tsohuwar da ke ƙasanmu ta yi ta dukan silin da sanda. Tun daga nan yake cusa hularsa a bakin ƙahon kafin ya busa. Watannin da laima ke sa bango gumi, ɗakin kan cika da warin man ƙaho da wannan shaƙaƙƙiyar murya.

Manajan otal ya haɗa shi da wasu samari, suka yi faifan waƙoƙin yayi, masu sauƙin bi. Faifan ya karɓu. Daga nan baƙin otal ba su ƙara neman komai ba sai waƙoƙin.

Wata mujallar jaz ta yi sharhi a kai da Turanci, idon Kaka kuma ya yi rauni.

"Amarya, zo ki karanta wa angonki."

Na duba, na ce, "Wai busarka ta yi taushi."

"Taushi? Ke ko ƙarya ba ki iya ba, zan sake ki. Faɗa mini yadda yake."

Na faɗa masa. Mai sharhin ya ce mutumin da a da ƙahonsa ke tsaga ɗaki, yanzu yana busa kamar mai tsoron tada maƙwabta.

Kaka ya gyaɗa kai. "Wannan yana da kunne," in ji shi. "Har hular ya jiyo. Kin san kuwa ranar ɗaukar faifan ban sa ta ba?"

Washegari ya roƙi manajan ya bar shi ya busa tsohon kiɗansa, ko guda ɗaya. Manajan ya girgiza kai. Saura wata guda takardar Kaka ta ƙare. Bai sake roƙo ba har ya rasu.

Yau labarai nake karantawa a rediyo, kuma ba na tausasa wa kowa magana. Ƙahon yana wurina a unguwar Baiyun, a wani hawa na sama. Rannan 'yata ta ɗauko shi, ta kama hular za ta zare. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Bar ta a ciki. Akwai mutane a ƙasa."