Bushiyoyin Goggo Aisatu

Garkar Goggo Aisatu fangali goma sha huɗu ce, a bayan gidanta a Tungar Guru. Takwas na attarugu, huɗu na tumatir, biyu na yakuwa da alayyafo. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ni ke ɗaukar kayan garkar a babur in kai Bukkuyum, don haka na san abin da kowane fangali ke bayarwa. A duk garakan da nake ɗauka, tata kaɗai ce maganin feshi bai taɓa shiga ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarar gubar dalma, lokacin da ake dakan dutsen zinariya cikin gidaje, ta rasa ƙaramar 'yarta Hamida. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa. Ranar da aka gama, ta ɗebi ƙasar a tafin hannu ta ce, "Ƙasag ga sabuwa anka ba ni. Ba ni zuba mata guba da hannuna." Ba ta sake maganar ba, ba ta kuma saɓa ba.

Sai dai gyare bai san da alkawari ba. Damina biyu a jere yana datse mata dashe tun daga gindi, ta dasa da yamma, ta tarar da shi kwance da safe. Maƙwabta suka ce ta yi feshi kamar kowa. Ita kuwa sai ta lura fangali uku na gefen tarin kara ba a taɓa su ba. Ta durƙusa ta duba, ta ga kashin wata dabba, baƙi, cike da fukafukan ƙwari. Da ta ɗaga karan, ga bushiya a dunƙule.

Daga nan ta shiga tara su. Bushiya ta yi ƙaranci a wajenmu, don masu haɗa magani na neman fatarta, wutar daji kuma na cinye sauran. Duk mafaraucin da ya kamo ɗaya, Goggo ta fanshe ta da attarugu. Maƙwabcinta Dikko, makiyayi ne, in shanunsa sun tono wata sai ya kawo mata cikin malfa yana dariya. "Ga wata baƙuwa, uwar bushiyoyi. Sadakinta nawa?"

"Ka aje ta, Bahillace. Kai da ba ka biya ni yakuwar da shanunka sunka ci ba."

A hankali suka kai tara. A hannunta na fara ganin cewa bushiyarmu yatsu biyar gare ta a ƙafar gaba, huɗu a ta baya. Sai da na ƙirga a kan uku daban kafin na yarda. Na ga wata ta tauna ganyen taba, ta yi kumfa, ta karkace tana shafa wa ƙayoyinta kamar mai shafa mai. Suna cin gyare, tsutsa, dodon koɗi, har kunama. Kwandunan attarugu da nake ɗauka suka tashi daga shida zuwa goma sha ɗaya. Ladan aikinsu ɗaya ne, wato tarin kara da busasshen ganye a kusurwar garka, wanda Goggo ba ta ƙonawa. In zafin bazara ya tsananta, abinci ya ɗauke, cikinsa suke shigewa su yi dogon barci har ruwa ya sauka.

A bazarar bara ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu, muka kai ta wurin mai ɗori a Anka. Surukinta Muntari, mijin babbar 'yarta Binta, ya ga damina na matsowa, garka ba shara. Mutum ne mai kunya, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, bai kuma taɓa leƙa garkar ba. Sai ya kira gayya don ya fita kunyarta. Sharar gayya kuwa kowa ya san yadda take ƙarewa. A tattara kara a banka masa wuta, toka ta zama taki.

Ranar da na ɗauko ta daga Anka, ina ɗauke da ita a babur za mu shiga gari muka hango hayaƙi a bayan gidanta. Ban gama tsayawa ba ta dire. Maza goma sha biyu ne a garkar, sun share ta fes, wuta ta kama gefe ɗaya na tarin. Kusa da wurin Binta ta ajiye babbar tukunyar kunun gayya, ko ludayi ba a sa ba. Goggo ba ta yi sallama ba. Ta sa hannunta mai lafiya da ƙafa ta tuntsurar da tukunyar a kan wutar.

Ƙaurin kunu ya cika wurin. Zubar da abincin gayya a gaban masu gayya ba ƙaramin abu ba ne.

"Subhanallahi! Goggo, kunun namu?" in ji wani mai suna Umar Faruk. "Mu munka yi aiki, wuta ta sha lada!"

"Ku jawo ruwa!" ta ce. "Ma'aikatana na ciki!"

Dikko, wanda isowarsa ke nan, shi ne ya fara ganewa, ya ruga ya saki guga. Da wutar ta mutu, Goggo ta durƙusa tana yaye kara da hannu ɗaya, ni ina karɓa ina jerawa a inuwa. Takwas muka samu. Guda ƙayoyin bayanta sun babbake. Ta tara ba mu gan ta ba, har muka kai ƙasa. Duk a dunƙule suke, ba motsi, jikinsu da sanyi.

Umar Faruk ya taɓa ɗaya da tsinke. "Waɗanga sun riga mu gidan gaskiya. An yi asarar kunu a banza."

Muntari na tsaye nesa, kansa a ƙasa. Da kyar ya ce, "Inna, ban sani ba. Alheri na nufa. In sun mutu, ni ka sawo maganin feshi bana, ni ka yi miki."

Ta ɗago, ba ta kalle shi ba, ba ta kuma kama sunansa ba, kamar yadda ta saba. "Baban Fatiha, alherinka ya iso, na gode. Amma feshi ba ya shiga nan. In sun mutu, garkag ga ta huta bana. Amma ba su mutu ba, kwana su kai. Ku taimake ni ku maida musu ɗaki."

Ya tuɓe hularsa ya sa mai ƙunar a ciki. Mazan da suka zo ƙona kara suka koma bin gonakin maƙwabta suna roƙon kara, ana yi musu dariya. Binta ta dama wani kunun. Goggo da kanta ta bi su ɗaya ɗaya da ludayi tana ba su haƙuri, Umar Faruk ya sha ƙwarya biyu ya ce ya yafe rabi.

Ba ta da tabbas, ta faɗa mini daga baya. Hayaƙi ya shige su, kuma ba ta taɓa tashin su tsakiyar barci ba. Duk da haka ta yi irin attarugunta ta jira.

Washegarin ruwan farko na iso da sassafe. Na tarar da ita tsugune a gefen fangali, ƙasa jiƙe, cike da ƙananan sawu. Muka ɗaga karan a hankali, suna ta huci suna tsuke fuska. Takwas, har da mai sanƙo a baya. Da damina ta yi nisa, mai sanƙon ce ta haihu, 'ya'ya biyar, ƙayoyinsu farare masu laushi. A fangali goma sha huɗu dashe bakwai kacal gyare ya datse, na kuma ɗauki kwando goma sha biyu.

Yanzu, ban da ta Goggo, garaka huɗu ne a Tungar Guru ke da tarin kara a kusurwa, ta farko ta Muntari ce. Da ya aiko Binta neman bushiya biyu, Goggo ta zaɓa ta sa a kwando, ta ɗora musu ganye.

"Ki ce ma baban Fatiha aro na," ta ce. "Kuma in ya kira gayya, ya aje kunun nesa da ni."