Liyarin da Aka Ɗinke a Ƙyalle

Shagona a unguwar Misfala, cikin Makka, ba wani babba ba ne. Carbi nake sayarwa da sallaya da lema da takalman roba, irin kayan da alhaji ba ya tunawa da su sai ya riga ya fito daga masauki. Tun da aka fara ɗora haraji a kan saye, farashi ya daina ƙarewa a kan riyal cikakke, dole kowane mai shago ya tanadi canji. Duk ranar Lahadi nakan je banki in karɓo sulalla a naɗe cikin takarda, ɗauri-ɗauri.

Wata rana ina fasa ɗauri a kan kantar shago, sai guda ɗaya ya faɗi ƙasa ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Sulallan yanzu idan sun faɗi, kwas suke yi su yi shiru. Wannan kuwa sai da ya ja sauti siriri kafin ya kwanta. Na ɗauka na duba, ya yi baƙi-baƙi, rubutun ya fara shafewa. Rubu'in riyal ne na azurfa, irin na zamanin kakanninmu. Yadda aka yi ya shiga ɗaurin banki, Allah ne masani. Ni dai daga ranar na kamu.

Na koma karɓo ɗauri fiye da bukatar shago. In kai gida a unguwar Ka'akiyya, in shimfiɗa tsohon tawul bayan la'asar, in bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan maganaɗisu da gilashin ƙara gani. Matata ta ce in da haka nake zama a kan karatun yara, da tuni mun fitar da likita. Na ce mata wasu mazan shisha suke zama sha, ta gode wa Allah nata mijin a gida yake hauka. Shekara biyu ina wannan aiki, azurfa uku kacal na samu daga banki, kuma ban gaji ba.

Sai wani maƙwabcina a kasuwa ya nuna mini wani dattijo a lungun bayan masu canjin kuɗi. Asalinsa mutumin Chadi ne, Hausarsa da nauyin Larabci, yana da ɗan teburi da ma'auni. Tsabar kuɗin ƙasashe daban-daban yake sayarwa a kilo, wadda masu canji ba sa karɓa. Na sayi ƙaramin buhu na farko, a cikinsa na sami rufiyar Indiya ta azurfa. Bayan wata biyu na sami sule na zamanin Turawa, irin na ƙasarmu ta asali, sannan ƙirshin Masar. Ban tambaye shi daga ina suke zuwa ba. A raina na ce ragowar canjin alhazai ne, na rufe maganar a nan.

Babbar 'yata ce kaɗai a gidan ba ta yi mini dariya sosai. Larabci ya fi mata sauƙi a baki, Hausarta sai ta ga dama. Wata Juma'a ta zauna kusa da tawul ɗin tana juya su a tafin hannu.

"Abuya, ya'ani me za ka yi da su?"

Ban yi tunani ba na ce, "Sarƙa zan sa a yi miki, ki saka ranar aurenki."

"'Ya'yan mutane zinariya, ni tsofaffin kwabbai?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Can ta daina, ta dube ni. "Wa'ad?"

"Alkawari," na ce.

Daga nan abin ya zama namu mu biyu. Duk wanda na samu, ita ce ta farko da za ta gani. Ta san su ɗaya-ɗaya, ta faɗa wa ƙawayenta, har ta zana yadda take so a jera su. Da aka sa ranar aurenta, wata biyu bayan Hajji, guda goma sha bakwai ne a cikin gwangwanin da nake ajiya. Babba ɗaya na tsakiya kawai muke nema.

A buhun da na saya mako biyu bayan alhazai sun watse na same shi. Wani ɗan ƙulli ne na shuɗin ƙyalle, a ɗinke ta ko'ina, ya yi dauɗa. Na sa reza na farke gefe, sai ga liyari, babban riyal ɗin azurfa mai nauyi da mutanen nan ke kira faransi. Na tashi ba takalmi na nufi ɗakin Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu. Ta haura tamanin, tana 'yar yarinya aka zo da ita ta hanyar Sudan. Idonta ya yi rauni, komai aka ba ta sai ta bi shi da yatsa.

Na sa mata liyarin a hannu tare da ƙyallen. Ta ajiye kuɗin a cinya ko juya shi ba ta yi ba, ta riƙe ƙyallen tana bin ɗinkin.

"Ina ka samo wannan?"

"A buhun da na saya, Inna."

"Ninki biyu ne, an bi da zare an sake dawowa. Haka ake ɗinke guzuri a cikin riga, wanda ba a taɓawa sai hanya ta ƙi, ko in rai ya yi halinsa a sayi likkafani. Ji nan, inda ya tsinke daga jikin rigar." Ta miƙo mini. "Ɗan nan, wannan ba canji ba ne. Faɗuwa ya yi daga jikin wani."

Raina ya ɓaci, don dama ina da saurin hawa. Na ce ai da kuɗina na saya, ba sata na yi ba. Ta ce, "Ka biya wanda ya sayar maka."

Duk wanda ya tashi a Makka ya san hukuncin tsintuwar garin nan. Ba a ɗauka don a ci, sai dai don a yi cigiyar mai ita. Tun kafin in iya karatu na san wannan. Washegari na rufe shago da wuri na tafi wurin dattijon.

"Ammu, daga ina buhunan nan suke zuwa?"

"Shekara huɗu kana saye, yau ka tuna da tambaya?" Ya gyara zama. "Wasu daga masu shago, abin da alhazai suka biya da shi bisa kuskure. Wasu daga masu shara, da masu wanke motocin alhazai, da masu gyaran ɗakuna a Aziziyya bayan an watse. Kowa ya kawo, in auna in biya. Ni ba alƙali ba ne, ya waladi."

"To wanne ne daga ina?"

Ya cusa hannu cikin buhu ya ɗebo, ya bar su suna zuba ta tsakanin yatsunsa. "Bismilla, raba mini."

A mota ina komawa gida abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Wa ke sayen ruwa da rufiyar azurfa? Wa ke biyan kuɗin lema da sulen da ya girmi ubansa? Ba a kashe irin waɗannan. Mutum ajiye su yake a jikinsa, na kaka ne ko na miji da ya rasu, ya taho da su tun daga garinsu. Ke nan abin da nake tsamowa daga buhu, shi ne daidai abin da babu mai bayarwa da son ransa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban rasa wayon gane wannan tun farko ba. Ƙin tambaya na yi, don kada a ba ni amsa.

Liyarin na kai shi ofishin ajiyar kayan da aka tsinta. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi inda aka tsince shi, na ce ban sani ba. Ya tambayi yaushe, na ce ban sani ba. Ya dubi ƙyallen da na farke, ya dube ni, ya rubuta abin da zai rubuta ya sa a leda. Na fito ina jin kaina mutumin kirki, kuma wannan jin bai kai ni ko gida ba.

Gwangwanin yana nan yana jirana. Uku daga banki, ba ni da shakka a kansu. Sha huɗu daga buhu. Kwana da kwanaki ina buɗewa ina rufewa. Na zama lauyan kaina: babu shaida cewa faɗuwa suka yi, wataƙila mai su ne ya sayar, wataƙila an ba wani kyauta. Na ce hidimar biki ta cinye abin hannuna, ba zan iya sayen wasu a wurin masu kayan tarihi ba, kuma ko na saya za ta gane, tunda ta san kowanne. Duk gaskiya ne. Amma akwai malami a masallacin unguwarmu da nake gaisawa da shi kullum, sau uku ina tsayawa bayan salla don in tambaye shi, sau uku ina ɗaukar takalmina in tafi. Ba na son rabuwa da su, kuma ba na son in ga fuskar 'yata idan na ce mata babu sarƙa. Na kwashe su duka na kai wa maƙerin azurfa ya sa musu kunne, aka sa rufiyar Indiya a tsakiya.

Ranar biki, kafin a tafi da ita wurin taro, ta shigo ɗakin Inna neman albarka. Ta yi kyau, sarƙar ma ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta durƙusa, Inna ta shafa kanta, ta shafa kumatunta, ta sauko kafaɗu, ta riƙe hannayenta tana addu'a. Wuyan ta tsallake shi.

"Sitti, ba ki taɓa sarƙar ba," in ji 'yata.

"Na ji ƙararta," Inna ta ce.

A bakin ƙofa yarinyar ta tambaye ni ko ta yi wa kakarta wani laifi ne. Na ce tsufa ne kawai, kada ta sa a ranta. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi mata tun da ta yi wayo, kuma a ranar aurenta na yi ta.

Ban sake komawa wurin dattijon ba. Ɗaurin banki har yanzu ina karɓowa don shago, in fasa in zuba a aljihun kantar shago ba tare da na duba ba. Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Idan Hajji ya zo na ga tsohuwa ta tsaya a gaban shagona tana lalube a jikinta, sai in kawar da kai.

Watan jiya 'yata ta haihu, mace. Ranar suna da hantsi gidan ya cika da mata, aka kira ni in shigo in ga jaririyar. Ina tsaye sai ta buɗe jaka ta fito da sarƙar, ta ɗaga wa dangin mijinta su gani.

"Abuya ne ya tara su da hannunsa, ɗaya-ɗaya, shekara shida," ta ce. "Daga yau tata ce. Ita ma in ta girma ta ba 'yarta, insha Allah."

Mata suka yi ta masha Allah. Inna ta ce wa matata ta kama ta ta kai ta ɗaki, zaman ya ishe ta. Maganar tana bakina, na rantse tana bakina, har na ja numfashi. Sai 'yata ta miƙo mini jaririyar, ta ɗora mata sarƙar a ƙirji, ta ja da baya da wayarta a hannu.

"Abuya, tallafe ta daga ƙasa, kada ta yi mata nauyi."

Na sa yatsuna a ƙarƙashin sulallan na tallafe. Ta ce in yi murmushi, na yi.