Kiɗan Ƙarfe da Kunnen 'Yar Fari

Tun ina da cikinta nake tsoron kiɗan nan. Wasu matan naƙuda suke tsoro, wasu kumburin ƙafa, ni kuwa abin da ke fitowa daga sifikar maigidana. Duk sanda ya kunna sai in ji abin da ke cikina ya motsa, in ce a raina wannan yaro a firgice zai zo duniya, ba zai taɓa yin barcin kirki ba. Har zani biyu na taɓa ɗaurawa a ciki wai don kada ƙarar ta shiga.

Maigidana gyaran kwamfuta yake yi a wani shago a Kwangila, nan Zariya, yana kuma zuba wa mutane manhaja a wayoyinsu. Ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Sai dai kiɗan. Ya ce a Turance metal ake ce masa, wato ƙarfe, nasa kuma irin mai gudun nan ne, wai tirash. Idan kin taɓa kai niƙa aka manta da cokali a cikin masara, to kin ji rabinsa. Ɗaya rabin wani ƙato ne yake ihu kamar an taka masa gyambo.

“Ba ki gane ba ne,” in ji shi. “Gwaninta ce zalla. Mai gangar nan da ƙafa biyu yake kaɗawa.”

Na ce, “To hannayensa me suka yi masa?”

Ya yi dariya har ya ƙware. A lokacin muna yawan dariya.

Littattafansa kuwa ban ƙi su ba. Na Turanci ne, masu kauri, ƙagaggun labaran kimiyya, bangonsu duk taurari. Ni karatuna bai yi nisa ba, saboda haka ranar Lahadi bayan la'asar yakan zauna a bakin ƙofa ya juya mini su da Hausa ina tsince shinkafa. Jirage masu tafiya tsakanin taurari, mutanen da aka cire musu ido aka sa na ƙarfe, garin da rana biyu ke fitowa. Ina jin daɗin wasu. Abin da ke ba ni mamaki, duk yawan mutanen cikin jirgin ba a taɓa cewa ga mai goyo ba, ba mai wanke-wanke, ba wanda ɗansa ya tashi da zazzaɓi. Na tambaye shi ko a can sama ba a haihuwa ne. Ya ce ana yi, amma ba shi ne labarin ba.

Allah ya sauke ni lafiya, mace. Aka sa mata sunan Inna, mahaifiyar maigidana, wadda muke gida ɗaya da ita a Tudun Wada, ɗakinmu yana kallon nata. Da yake ba mai iya kama sunan Inna a gidan, sai aka yi wa jaririyar sunan alkunya, kowa yana kiranta da shi. Ban da ni. 'Yar fari ce. Tun kafin in dawo daga wankan jego uwata ta ja mini kunne: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban surukai, ba a nuna an damu da shi. Ta ce, “Kada in ji an ce kin zama irin 'yan zamanin nan marasa ta ido.” To haka na yi. In za a ba ta nono Inna ce ke miƙo ta, ni kuma in kau da kai. In zan ambace ta sai in ce yarinyar nan, ko waccan.

Abin da na ji tsoro bai faru ba. Ba a taɓa yin jaririya mai barci irinta ba. Ana daka a tsakar gida tana barci, janareton maƙwabta yana ruri tana barci. Matan unguwa suna ta yabo, Inna tana cewa haƙurinta ta gado, ai suna linzami ne.

Mai kau da kai ta fi kowa gani, domin ta gefen ido take kallo kuma ba ta dainawa. Na ga ranar da murfin tukunya ya suɓuce mini ya faɗi a bayanta, har kajin gidan suka watse, ita ko gezau. Na ga ƙananan jiragen 'yan koyon tuƙi da ke shawagi a saman Zariya, yaran gida duk su ɗaga kai, ita sai ta ga sun ɗaga sannan ta ɗaga. Da damina aka yi wata tsawa da ta sa ni kaina na yi salati, ita tana ta wasa da yatsun ƙafarta.

Da ta fara rarrafe, wuri ɗaya take nufa. Ubanta yana kunna kiɗansa za ta bar duk abin da take yi ta je ta dafa sifikar da tafin hannu biyu, sannan ta manna kumatunta, ta yi ta ƙyalƙyala dariya.

“Kin gani ko?” in ji shi. “Jinina ce. Ke kaɗai ce baƙauya a ɗakin nan.”

Amma ni na lura in ya kunna rediyo ko karatu a hankali ba ta zuwa. Sai in ƙarar ta kai ruwan cikin kofi yana rawa, daɓen ɗaki yana kaɗawa a ƙarƙashin gwiwarta. Da hannu take sauraro.

Wa zan gaya wa? In na je wa Inna da wannan magana, na nuna ke nan ido na zuba wa 'yar fari dare da rana. Sai da muka keɓe na ce wa maigidana, “Yarinyar nan fa ba ta juyowa.”

Bai yi musu ba. Ya ɗauki wayarsa ya ce akwai manhajar gwada ji, kyauta ma. Shi a wurinsa ba wata matsala a duniya da ba a riga an rubuta mata manhaja ba. Ya sauke ta, ya sa wa yarinya abin sauraro a kunne. Yadda abin yake, waya za ta yi ƙara, in ka ji sai ka taɓa wata koriyar da'ira. Na manya ne aka yi shi. Ita kuwa ta ga abu yana haske, ta yi ta dukansa da hannu tana murna. Da aka gama, wayar ta rubuta cewa kunnuwanta garau suke. Ya kai wa Inna ya nuna mata, ya ce wai ni ce nake da waswasi. Inna ta dube ni ta ce, “Au, ashe ana kallonta.” Na rasa inda zan sa kaina.

Ra'ayina game da manhaja tun daga ranar bai sauya ba. Abu ne marar ido. Ba ta san wa ke taɓa ta ba, ba ta kuma iya cewa ban sani ba. Ga shi in ta yi magana maza sun fi yarda da ita a kan matar da suke ɗaki ɗaya. Wannan koriyar da'irar ta rufe mini baki har yarinya ta tashi da ƙafarta, sa'anninta suna cewa Baba, suna cewa ruwa, ita sai wani sauti daga maƙogwaro.

Akwai maƙwabciyarmu Kirista, ma'aikaciyar jinya, Sista muke ce mata. Wata rana ta shigo karɓar aron turmi, ta tsaya tana kallon yarinyar, sai ta zagaya bayanta ta tafa hannu da ƙarfi. Ba ni ta yi wa magana ba, ta san gidan da take. Kai tsaye ta ce wa Inna, “Mama, a kai takwararki asibiti a duba kunnenta.”

Inna ta ce, “Nauyin baki ne. Ubanta ma sai da aka fid da rai sannan ya yi magana, yanzu wa ya kai shi surutu?”

“To a je a dawo a ƙaryata ni, Mama. Ni ma zan fi so.”

Muka je mu huɗu, ni da shi da Inna da yarinyar. Likitar mace ce, matashiya, Bahaushiya. Ta zaunar da Inna a kujera da yarinya a cinya, ta ba ta murfin biro tana juyawa. Sannan ta ce da ni, “Maman, koma bayansu ki kira sunanta.”

Na dubi maigidana. Ya dubi silin.

Likita ta ce, “'Yar fari ce ko? Na sani. Hajiya za ta yi mana haƙuri, nan asibiti ne. Muryar uwa yaro ya fi sani.”

Na koma bayansu, ina kallon ƙeyar yarinyar da kitson da Inna ta yi mata. Na buɗe baki, sunan alkunyar ya fito a shaƙe kamar na mai mura. Ban taɓa jin sa a bakina ba.

“Ƙara murya.”

Na ƙara. Na sake ƙarawa. Murfin biro yana ta juyawa a hannunta. Sai wani tunani ya zo mini, irin na wanda ruwa ya ci, cewa wataƙila wannan ba shi ne sunanta ba shi ya sa, wataƙila wanda aka raɗa mata take jira. Ban san sanda na ƙwala sunan yanka ba, da iya ƙarfina, har na waje suka leƙo.

Inna ta ce, “Na'am.”

Ta faɗa ne kafin ta tuna. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya kira ta da shi. Ta juyo muka haɗa ido, ita da hawaye ni da hawaye, yarinyar kuwa ta sa murfin biro a baki.

Daga baya aka manna mata wayoyi a kai aka gwada da na'ura. Kunnuwan duka biyu ne ba sa ji. Likita ta ce ga alama da shi aka haife ta, ta kuma faɗa a gaban kowa cewa ba kiɗa ba ne ya jawo. Inna ta ji, amma muna isa gida ta ce a fitar mata da kiɗan shaiɗanun nan da ya cinye kunnen takwararta. Maigidana ya tashi. Ya naɗe sifikar a buhu ya ɗora a saman durowa. Yarinyar ta yi ta zuwa lungun da sifikar take a da tana shafa daɓe, ta ɗago ta dube ni.

Shi yanzu ba ya dariya. Yana dawowa daga shago zai buɗe kwamfuta ya yi ta bincike. Ya ce akwai abin da ake dasawa a cikin kai, kurma ya ji magana, kuma wannan ba labarin littafi ba ne, ana yi. Na ce yaushe za a yi mata. Ya ce ana nan ana ƙoƙari, ilimi kullum gaba yake yi, nan da wasu shekaru abin zai zama kamar sayen tabarau. Da irin muryar da yake ba ni labarin jirage yake faɗa. A nan ne na tsani littattafan nan. Sun koya masa zama a gobe, ni kuma sun bar ni da yau. Ya sauko mini da wata manhajar ta koyon maganar hannu. Wata Baturiya ce ke nunawa, kalmomin duk Turanci, babu tuwo a ciki, babu Inna, babu buta. Kafin in riƙe guda biyar manhajar ta ce sai an sabunta ta.

In Inna ta tafi unguwa nakan sauko da sifikar in kunna wa yarinyar. Ni da na ɗaura zani biyu. Takan rungume ta kamar ta ga ɗan'uwa. Rannan ta kama hannuna ta ɗora kusa da nata. A kunne har yanzu masifa ce, ba zan yi ƙarya ba. Amma a tafin hannu abin yana da tsari, bugu yana bin bugu ba ya kuskure, kamar mata gwanaye sun haɗu a turmi ɗaya. Duk waƙoƙin duniya wannan kaɗai ne ya yi ƙarfin da zai isa inda take. Ban san ko in gode wa ƙaton mai ihun ba.

Kiɗa dai ba zai gaya mata wuta da zafi ba. Yanzu ta iya zare sakatar ƙofa, layinmu kuwa babura ba sa tsayawa, kuma hon bai dame ta ba. In na ɗauki mayafi zan fita, ko nan da kanti ne, sai ta ƙanƙame ƙafata tana wani kuka da ba ta san ƙarfinsa ba, in an ɓamɓare ta ta ciji hannunta har ya yi shaida. A ganinta duk fitar da na yi na tafi ke nan. Ina da baki, ina da Hausa cike da ciki, amma ba ni da hanyar da zan ce mata yanzu zan dawo.

Na ji an ce kuramen garin nan suna da maganar hannunsu ta Hausa, suna hira da ita har su yi gardama. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba ni da fitar da zan neme su. Don Allah, in a cikin masu karanta wannan akwai mace kurma, ko uwar da ta raini kurma, a Tudun Wada ko Tudun Jukun ko ko'ina a Zariya, ta aiko da saƙo ta hannun waɗanda suka buga rubutun nan. Ta zo ta zauna da ni ta koya mini. Mu fara da tsaya, da zafi, da zan dawo.