Kurmin da Ya Zama Lambu

Babanmu bai iya zama ba. Ko abinci a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin gandun daji yana riƙe bakin tef ɗin awo, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai Tef. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma in ya ɗaga kai ya dubi itace ya ce mita bakwai ne, to in ka auna ɓata lokacinka kawai ka yi.

Aikinsu shi ne su shiga wuri su faɗi ko mene ne shi, a je a shafa masa launinsa a taswira. Mu kuwa a gida, duk abin da ya wuce gidajen ƙarshe daji ne. Babu kalmar da ke tayar masa da jijiyar wuya kamar wannan.

"Daji ba suna ba ne," yakan ce, yana kai da kawowa a tsakar gida. "Akwai filin ciyawa, akwai na ƙaya da gajerun itatuwa, akwai kurmi. Shi kurmi sharaɗi gare shi."

Sharuɗɗan uku ne a littafin ofishinsu: faɗin wurin ya wuce rabin hekta, itatuwan su haura mita biyar, inuwar rassansu ta rufe fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙasar. Mun haddace su tun ba mu iya rubuta sunanmu ba.

Da ya yi ritaya, Inna ta ɗauka za ta samu mai taya ta hira. Ina! Kwana uku ya yi, ya ɗauki diga ya nufi wani busasshen fili da ya gada a bayan gari. Ya zagaye shi da madaci, ciki kuma ya jera mangwaro da gwaba da lemo, layi-layi kamar 'yan makaranta. Almakashin yankan reshe ba ya barin aljihunsa. Kowane mangwaro sai da ya yi masa aure, wato ya yanko reshen iri mai kyau ya ɗaura masa. Inna takan ce ya aurar da mangwaro ɗari, 'ya'yansa mata uku kuwa sai da ta yi ta tuna masa. Shekara goma sha tara yana wannan, har wurin ya yi duhu da inuwa.

Rannan sai ya iske an shafa jan fenti a jikin itatuwan. Sabuwar hanya za ta ratsa ta tsakiyarsu. Mafita ɗaya ce: in ofis ya rubuta wurin a matsayin kurmi, dole hanyar ta kauce.

Kwana tara bai bar kowa ya sha iska ba. Sau uku yana zuwa shagona yana ɗaga ni daga kan keken ɗinki, in je in riƙe masa bakin tef, masu kaya na zaune suna hararata. Haushi nake ji kamar in fashe, amma na ga yadda abin ya dame shi, sai na haɗiye. Duk awon da muka yi, lissafi ya fita daidai, har da rara.

Wadda ofis ya turo ita ce shugabar sashen awo. Lokacin da ta fara aiki, shi ya koya mata yadda ake ja da baya a kalli kan itace. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta tashi, rana na yi. Ta auna faɗi, ta auna tsawo, ta tsaya wuri goma tana duban sama. Duka ukun sun cika. Baba sai murmushi yake yi yana sauya ƙafa.

Sai ta zo layin ƙarshe na fom ɗin, inda ake rubuta amfanin da ake yi da ƙasar. Biro ya tsaya mata. Ta dubi layukan nan miƙaƙƙu, ta dubi tiyo a naɗe a gindin lemo, ta dube ni.

"Baba," ta ce a hankali, "waɗannan mangwarorin, ai da kansu suka fito ko?"

Ni da ba ma'aikaciya ba na gane ƙofa take buɗe masa. Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafarsa.

"Da kansu? 'Yar nan, kin taɓa ganin mangwaron da ya aurar da kansa? Zo ki gani."

Ya ja ta itace bayan itace yana nuna mata tabon ɗauri, yana faɗin shekarar kowanne, da yadda ya yi jigilar ruwa a bokiti kafin ya samu tiyo, da kwando nawa gwaba take bayarwa. A itace na shida sai ya gane abin da take nufi. Ya tsaya da yatsa a kan tabon.

Ashe akwai magana ta huɗu a littafin, wadda bai taɓa karanta mana a gida ba, don a dajin da ya yi aiki ba ta cika tasowa ba. Wurin da aka shuka don a ci 'ya'yansa, ana ba shi ruwa ana gyara shi, ba kurmi ba ne komai duhunsa. Lambu ne, a jerin gonaki ake sa shi.

"Ban ji komai ba, Baba," in ji ta. Idonta ya kawo ruwa.

"Kin ji. Ko ba ki ji ba, kin ga layukan. Ni na koya miki kada ki rubuta abin da ba ki gani ba. Rubuta."

Ta rubuta.

Tana tafiya na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce minti ɗaya kacal aka roƙe shi ya kama bakinsa, minti ɗaya a shekara saba'in da shida, ya kasa. Ina faɗa ina kuka, don tausayinsa ya fi haushin yawa. Yana ta zagaya gindin mangwaron nan, hannu a baya.

"Da watsa iri na yi na je na kwanta," ya ce daga baya, "da yau babu mai taɓa su."

Sati shida aka ba shi kafin a tumɓuke itatuwan. Bai fasa ban ruwa ko rana ɗaya ba. Ranar da katafila ta iso, na bi shi a guje don ina tsoron zai tare mata hanya. Sai na iske shi tsaye a gefen taya, ya cire hula, yana roƙon direban ya fara ta ɓangaren madaci. Wai a ƙara wa mangwaron kwana biyu, saura kaɗan ya nuna.